Wutar da Ta Koma Baya

Hunkuyi,
Ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki barka da sauka. Ya gajiyar hanya, ya baƙunta, ya mutanen da aka haɗa ki da su a wurin aiki? Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa garin ya karɓe ki. Wannan takarda ni na cusa ta cikin jakarki, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawar da Innarki ta sa miki, don na san sai kin nemi abin miya za ki gan ta, lokacin kin natsu. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san bokon ubanki a aji huɗu ya tsaya, sauran a jikin kwalin kayan wuta na koya.

Sunan mahaifiyata aka sa miki, shi ya sa bakina bai taɓa kama sunanki ba. To yau ma kunya ce ta hana ni faɗa miki waɗannan maganganu ido da ido. A waya kuma magana gudu take yi. Takarda ita ce mai haƙuri irina.

Ranar da aka ce kamfanin wuta ya ɗauke ki, za a tura ki tashar da ake sauke babban layi, na fita teburin mai shayi ban ce wa kowa komai ba, amma fuskata ta tona ni. Malam Idi mai auna masara ya ce, "Sule Mai Tasta, yau kuma wa ka haɗa wa wuta kake ta washe baki?" Na gaya musu. Ya ce, "Mace? Mace za ta hau falwaya? Da zani ko da me?" Na ce, "Malam Idi, kai da wandonka shekara nawa kana kirana in canza maka ƙwan fitila?" Aka yi ta dariya har shayi ya sarƙe shi. Uwata, ban taɓa jin tsayina ya ƙaru kamar ranar ba. Ni wutar ɗari biyu da arba'in na yi rayuwata a kanta, wutar soket da fanka. Ke ga shi za ki tsaya inda dubu ɗari da talatin da biyu ke sauka. Alhamdu lillahi.

Amma murnar tana tafe da tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Kin ce min kafin a bar ki a tasha sai kin yi watanni kina fita da masu gyaran layi, kina taɓa waya da hannunki. Hannun nan nake so ya dawo min yadda ya tafi. Don haka zan gaya miki wautar da na yi, wadda kika sani da wadda ba ki sani ba.

Lokacin da na fara wayarin gidaje ina saurayi, akwai wata burga da muke yi. Ba ma neman tasta, wato ɗan abin gwada ko waya na da wuta. Sai mutum ya ɗan goga bayan yatsa a waya, in ta fizge shi ya ce, "Akwai ta." Mata na leƙowa ta zaure suna salati, mu kuma muna jin kanmu maza. Ta fizge ni ya fi a ƙirga, ban mutu ba, sai na ɗauka ni da wuta mun saba. Wata rana a Makarfi, a wani gida da aka wanke tsakar gida, ina tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti na yi wannan wasan. Ta riƙe ni. Ban iya ihu ba, haƙorana suka datse. Matar gidan ce ta bugo ni da taɓarya na faɗi. Kwana uku ina jin ƙirjina kamar an taka. Tun ranar tasta ba ta bar aljihuna ba, har ta zama sunana. Ki gane, wuta ba ta sabo da kowa. Ranar da ta ƙyale ki, ba don ta san ki ba ne, ƙasan da kika taka ne ya bushe. Kuma wannan ita ce autar wuta, mafi ƙanƙanta a gidansu.

Wanda ya nuna min yayyenta shi ne Oga Bitrus. Kin san shi, Baba Bitrus na Ikara mai kawo mana doya in ya je gida kudancin Kaduna, wanda hannunsa na dama ya shanye. A lokacin yana aikin layi, hannuwansa biyu lafiya lau. Ya ga ina yawan tsayawa ina kallonsu in suna aiki, ba na magana, ba na tafiya. Ya ce, "Kai mai ido kamar na mujiya, zo nan. Me ka gani a saman can?" Na ce waya. Ya ce, "Jaki ma ya ga waya. Ƙirga."

Shi ya koya min karanta falwaya kamar allo. Wayoyi huɗu a jere, wata bisa wata, su ne masu shiga unguwa: ɗari huɗu da sha biyar tsakanin layi da layi, ɗari biyu da arba'in in an ɗauki ɗaya zuwa gida. Wayoyi uku a kwance kan ƙarfen gicciye, kowace a kan ɗan tangaran, dubu goma sha ɗaya ke nan. In tangaran ya yi girma, wayoyin sun ƙara nisa da juna, dubu talatin da uku. Manyan hasumiyoyin ƙarfe kuwa da ke ratsa gonaki ta wajen hanyar Zariya zuwa Kano, ya ce in ƙirga farantan da ke rataye da wayar. In sun kai tara ko goma, dubu ɗari da talatin da biyu ce. In sun ninka haka, dubu ɗari uku da talatin, uwar gayya. Na tambaye shi me ya sa ba za a aiko ta ƙarama tun daga tushe ba, kowa ya huta. Ya ce, "Kai ɗan Hunkuyi ne, ka taɓa ganin an kai masara Legas a mudu? Tirela ake cikawa. In ta isa a sauke wa ƙananan motoci, su sauke wa masu baro, mai baro ya kai wa mai awo. In ka aiko ta ƙarama, waya za ta cinye ta a hanya, ta zama zafi." Taransifoma, in ji shi, ita ce 'yan dako, ita ke saukewa daga babba zuwa ƙarami. Na san kin karanta wannan da lissafinsa a makaranta, har kin taɓa zana min a ƙasa da tsinke. Amma ni a haka na riƙe shi, kuma bai taɓa ɓace min ba.

Sai dai sanin abu daban, aiki da shi daban. Shekarar da aka yaye ki, ina aiki a Kurmin Kogi. Taransifomarsu ta ƙone, wata biyu ba su ga wuta ba, har yara sun mai da wayoyin cikin gida igiyar shanya. Lokacin saran rake ne. Kin san yadda masu lodi ke yi: a cika mota har ta fi gida tsayi, mutum ɗaya ya hau saman lodin da sanda mai baki biyu, in an zo ƙarƙashin waya ya ɗaga ta motar ta wuce. A bakin gari akwai falwayar da ruwan sama ya kwantar, wayoyinta sun yi ciki. Sarkin lodin, wani dattijo Malam Garba, ya ce, "Mai wuta, akwai abu a wayar nan?" Na ɗaga kai. Wayoyi uku ne a kwance. Na gani da idona, na ƙirga. Amma bakina ya ce, "Haba Malam Garba, garin da ya manta kalar wuta? Ku wuce kawai."

Abin da ya cece ni daga ɗaukar rai, mai sandar ya tsaya kama ruwa bai kai ga hawa ba, direba kuma ya gaji da jira ya ɗan matsa gaba. Ɗanyen ganyen raken ya shafi wayar. Uwata, ƙarar kamar an fasa dutse. Wuta shuɗiya ta tashi, tayoyin baya suka kama hayaƙi, direba ya yi ta maza ya ja da baya. Taransifomar garin ce ta mutu, layin bai mutu ba. Yana nan cike da dubu goma sha ɗaya, yana wucewa garuruwan gaba. Malam Garba bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, da ka ce ba ka sani ba, da mun fi gode maka."

Ki riƙe wannan. Duhun gari ba shaida ba ne. Ƙwan ɗaki labarin ɗaki kawai yake bayarwa, bai san abin da ke saman gicciye ba. Kuma yanzu da kika zama injiniya, mutane za su riƙa tambayarki suna jiran amsa nan take, za ki ji nauyin cewa ba ki sani ba, musamman da yake wasu jira suke ki kasa. Ki faɗe ta. "Ban sani ba, bari in gwada." Ban taɓa jin wanda wannan magana ta kashe ba.

Yanzu ga wadda ba ki sani ba. A cikin na kusa da mu, Innarki ta sani, Oga Bitrus ya sani, sai ni.

Kina aji biyu na firamare aka kira ni Saulawa. Wani mai injin niƙa ya sayo babban janareta don in an ɗauke wuta aiki kada ya tsaya. Ƙa'ida ita ce a sa canjoba, wato makunnin da in ya buɗe wa janareta hanya sai ya rufe hanyar layin waje, ba yadda za a yi su haɗu. Na je babu canjoba, wanda aka aika Zariya ya sayo bai dawo ba. Saura kwana biyu Sallah, mata sun yi layi da kwanukan gero da masara har bakin hanya. Mai injin ya ce, "Malam Sule, dubi bayin Allah nan. Ka haɗa mana haka nan, in za mu tayar sai mu zare fiyus ɗin waje. Bayan Sallah ka zo ka sa." Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ka taimaka, jikokina na hanya." Na haɗa. Aka yi ta sa min albarka, har da ƙullin gari aka ba ni. Na tafi ina jin na yi aikin lada.

Bayan Sallah ban koma ba. Aiki ya yi yawa, shi ma bai neme ni ba, injin yana tafiya lafiya. Nakan tuna, in ce gobe.

Wata huɗu bayan nan, da hantsi, Oga Bitrus ya zo gyaran wata waya da ta tsinke a layin dubu goma sha ɗaya da ke shiga Saulawa. Shi da kansa ya kashe layin daga tushe, ya ga ya mutu, ya hau. Ƙaramin aiki ne, bai ɗaure layin da ƙasa ba, igiyar atin da ake ɗaurewar da ita tana cikin mota. A cikin gari kuma wuta ta ɗauke, ga masu niƙa na jira. Ranar mai injin ba ya nan, ƙaninsa ne a wurin, shi kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa zancen zare fiyus. Ya tayar da janareta.

Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani ba shi ne, 'yan dakon nan ba saukewa kawai suka iya ba, sun iya lodi. Ɗari huɗu da sha biyar ta fita daga injin niƙa ta bi waya ta shiga taransifoma ta baya, ta fito ta sama a dubu goma sha ɗaya, ta tarar da hannun Oga Bitrus. Janaretan ya yi gurnani ya mutu nan take, amma ƙiftawar idon nan ta isa. Bel ɗinsa ne ya riƙe shi a sama. Da igiya aka sauko da shi.

Ya rayu. Yatsu biyu suka tafi, hannun ya shanye, bai ƙara hawa falwaya ba. Aka yi ta zagin mai injin, shi kuma don kara bai ambaci sunana ba. Ni ma na yi shiru. Na je asibiti dubiya da lemo a leda, na ce, "Allah Ya kiyaye gaba, Oga," na fito. Wannan shirun ya fi haɗin wayar muni, don haɗin gaggawa ce, shirun kuwa da sanina na yi shi. Wata uku ina cin abinci ba na jin gishiri. Innarki ce ta ce, "Malam, ko ka je ka faɗa, ko ciwon nan ya kwantar da kai. Ni ba zan yi jinyar abin da baki zai iya warkarwa ba."

Na same shi a ƙofar gidansa a Ikara yana koyon ɗaure igiyar takalmi da hagu. Na durƙusa na ce, "Oga, ni na haɗa janaretan Saulawa." Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Tun ina asibiti na aika a dubo min haɗin. Duk ƙasar nan wa ke naɗe tef sau uku ya lanƙwasa bakin in ba kai ba? Jira nake in ga ko kai mutum ne." Ya ce, "Tashi, kana tara min jama'a. Laifin biyu ne. Kai ka bar ƙofar baya a buɗe, ni kuma na hau ban ɗaure ba. Shekara ashirin ina gaya wa mutane su ɗaure, rana ɗaya na ce ƙaramin aiki ne. In ka ɗauke laifin duka, ni me zan koya wa na baya?" Sai ya miƙo min ƙafa ya ce, "Ɗaure min takalmin nan tukuna, ya ishe ni." Na ɗaure. Ya ce, "Hannu ba zai dawo ba. Amma janareta nawa ka haɗa a ƙasar nan?"

Na gane abin da yake nufi. Na ɗauki babur na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sa musu canjoba, daga Hunkuyi zuwa Kudan, Makarfi, Ikara, har ƙauyukan da sai an tura babur a yashi. Nawa da waɗanda ba nawa ba. Wasu suka karɓe ni, wasu suka ce na zo neman aiki ne da dabara. Wani mai sayar da ƙanƙara ya kore ni sau uku, na huɗu ya ce, "Kai dai maye ne, shiga ka sa." Kin sha tambayata kina ƙarama me ya sa ba na zama gida ranar Juma'a da yamma. To ga inda nake zuwa. Yau ina iya cewa, ba alfahari ba, duk inda hannuna ya taɓa a ƙananan hukumomin nan uku, mai aikin layi zai hau ba tare da wutata ta biyo shi ta baya ba. Wannan kaɗai na tara a duniya, sai ku.

Amma garin da za a tura ki ban taɓa zuwa ba, ban san wa ya yi musu wayarin ba. Ga kuma sola ta cika gari yanzu, kowane shago da batirinsa da injinsa, kowa da mai haɗa masa.

Don haka abu ɗaya nake roƙo, ban haɗa shi da komai ba. Kada ki taɓa waya sai kin gwada ta da abin gwajin da ya dace da girmanta, kin kuma ga an ɗaure ta da ƙasa a inda za ki yi aiki, da idonki, ba da labari ba. Ko an ce an kashe daga tasha. Ko ke kika kashe da hannunki. Ko aikin bai fi ɗaure goro ba. Za a yi ranar da babba zai tsaya a ƙasa yana duba agogo, ya ce, "Hajiya, yi sauri mana, haka muke yi tun ba a haife ki ba." Za a yi ranar da mutanen gari za su kewaye motarku, sun yi sati cikin duhu, wata tsohuwa ta ce ki taimaka. Tsohuwar gaskiya take faɗa, ki tausaya mata, ki gaishe ta da ladabi, sannan ki je ki ɗauko igiyar atin. In sun ce matsoraciya ce, ki ce ƙwarai, gado na yi.

Jiya na je Ikara na gaya wa Oga Bitrus zan rubuta miki komai. Na ce ina tsoron ki daina ganina da ƙima. Ya yi dariya ya ce, "Ƙimarka ce za ta hau falwaya ko 'yarka?" Sai ya ce in gaya miki saƙonsa kamar yadda ya faɗa: "Ki ce wa injiniyarmu, ba mugu ne ya cinye min hannu ba. Mutumin kirki ne mai sauri, yana son mata su samu garin tuwon Sallah. Kuma kowane gari akwai irinsa."

Haka ne, Uwata. In kin ji haushina, ki ji, kina da gaskiya. In kin yafe, na gode. Ko wanne ne, in kin tsaya gindin falwaya, ki ɗauka can ƙarshen wayar akwai wani Sule da ya ce gobe zai dawo, ki ɗaure.

Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita. Ƙannenki na gaishe ki. Ki gaishe min da shugabanninki, ki girmama su, ki riƙe sallarki a kan lokaci. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki daga ta sama da ta ƙasa, da wadda ake gani da wadda ke zuwa ta baya. Allah Ya kai ki lafiya, Ya hau da ke lafiya, Ya sauko da ke lafiya, Ya dawo mana da ke da yatsunki goma. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Sule Mai Tasta.